Ƙullin da Ba a Faɗi Mai Shi Ba

Jikokina suna yi mini tsiya wai ƙafata tana da ƙaiƙayi. Gaskiyarsu. In na zauna a tabarma, kafin ta yi ɗumi zaman ya ishe ni. Sai in tashi in leƙa madafa, in gyara tulun da babu abin da ya same shi, in kai bakin zaure in komo. Ran Juma'a abin ya fi tsanani. Sun ɗauka rigimar tsufa ce, na kuwa bar su a haka, don ban ga yadda zan tara yara in gaya musu kakarsu ta ci amanar uwarta saboda nakiya ba. Tunda Malam, mahaifina, ya koya mini riƙon alƙalami, gara in gaya wa takarda, ita ba ta zaro wa mutum ido.

Yayata ce 'yar fari a ɗakinmu, ta ba ni shekara uku ko huɗu. A gidajen malamai na cikin birnin Sakkwato, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta duban fuskarsa a gaban mutane. Kunya ce, ado ce ga mace, har yabon ta ake yi. Inna kuwa ta riƙe wannan kunya har ta wuce sa'o'inta. In magana ta kama dole, sai ta ce "waccan". Tun da aka yaye Yaya aka kai ta ɗakin kakarmu, uwar Malam, a cikin gida ɗaya. Lokacin abin bai cutar da kowa ba, don Kaka tana fassara. In Inna ta ajiye ƙwan zabo a bakin ƙofa ta wuce ba ta ce uffan ba, Kaka za ta ɗauka ta ce, "Amshi, innakki ta aje maki, tana jin kunyakki ta." Yaya ta yi dariya ta cinye abinta.

Sai Nasara suka shigo gari. Ina ƙarama ƙwarai, abin da na riƙe kaɗan ne: ƙarar bindiga daga bayan ganuwa, da mata suna tusa kaya a rumbu, da gidajen da aka wayi gari babu kowa a ciki. Mutane da yawa suka bi hanyar gabas don kada su zauna ƙarƙashin Nasara. Cikin waɗanda suka tafi har da mijin Goggo, yayar Malam, wadda ke zaune wajen Ƙofar Marke. Ya tafi da ɗansu, shi kaɗai ne ya rayu cikin duk waɗanda ta haifa. Ya ce zai aiko a ɗauke ta in sun sami wurin zama. Ba aike, ba labari, har yau. Bayan shekara biyu Kaka ta rasu, aka yi sadakar bakwai, Goggo ta zauna gaban ƙanenta ta ce gidanta ya yi mata faɗi, a ba ta riƙon Yaya. Malam bai ko yi shawara ba. Da wa zai yi? Inna ba ta da bakin magana a kan 'yar fari, ta dai tsaya a bayan ɗaki tana sheƙar gero har aka fita da yarinyar.

Daga nan aka ɗora mini aikin Juma'a. Da hantsi Inna za ta zuba tuwon shinkafa a akushi, ta rufe da faifai, ta ɗora mini a ka in kai wa Goggo. Juma'ar farko, na kai bakin zaure, sai ta kira ni. Ta ciro wani ɗan ƙulli a tsumma mai tsabta daga haɓar zanenta ta cusa mini a hannu, tana duban wani wuri.

"Ga wanga kuma," in ji ta.

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce na wane ne ba, ba za ta iya ba. Na bi ta bayan marina, inda ƙasa ta yi shuɗi, na tsaya gindin wata kurna na kwance. Nakiya ce, curi biyu, ta shinkafar da kawunnena ke aiko wa Inna daga fadama, ta ji zuma da kimba da man shanu. A gidanmu sai da salla ake ganin nakiya. Ranar nan ta farko zan iya rantsuwa na ɗauka ladan aike ce. Juma'a ta biyu kuwa ba ni da wannan mafaka. Na ga yadda Inna ta tashi tun da sassafe ta daka, na ga ba ta ba ni ko ɗanɗane a gida ba, na kuma tuna ƙwan zabon bakin ƙofar Kaka. Na san mai shi sarai. Na tsaya gindin kurnar na ce bari in ɗan gutsuri gefe, ba za a gane ba. Gefe ya ja gefe. Kwaɗayi mabuɗin wahala, haka ake faɗa mana kullum, amma ba a taɓa faɗa mini da nakiya a hannu ba.

Akwai kuma abin da ya fi kwaɗayi muni, tunda na ce zan faɗi gaskiya. Haushi nake ji. Ni ke gida, ni ke ɗebo ruwa, ni ke shan faɗa in tulu ya fashe, ni Inna ke kira da suna sau ɗari a yini, amma ba a taɓa tashi da asuba an daka mini nakiya ba.

Gidan Goggo tsaf yake, ko tsinke ba ka gani a tsakar gida. Kaɗi ne sana'arta, zarenta masaƙa har rububinsa suke yi. Kullum na shiga zan same su su biyu a inuwar ɗaki, kowace da mazarinta da alli a yatsu, taskirar auduga a tsakani. Goggo ba ta da kamar mugunta. Fara ce siririya mai sanyin murya, in tana gaishe ka sai ka ji kamar ka kwana a wurin. Yaya kuwa ta sami zannuwa masu kyau, da kitso sabo kowane mako, da munduwa. Duk wanda ya leƙo zai ce yarinya ta faɗa gidan daɗi. Sai da na yi zuwa uku ko huɗu na lura da igiyar. Siririya ce ta rama, an ɗaura ta a idon sawun Yaya, ɗaya bakin a wuyan hannun Goggo, zane ya rufe rabinta. In Yaya za ta kewaya, sai ta nemi izini a kwance. In ta daɗe, Goggo ta miƙe tsaye tana kiran ta da wata murya da ban san ta da ita ba.

In zare ya tsinke, ko Yaya ta ɗaga kai don an yi sallama a maƙwabta, ko ta ce "a gidanmu" tana nufin gidan Malam, Goggo ba ta ɗaga murya. Tsinin mazari take kai mata a cinya ko a gadon baya, inda zane ke rufewa. Yaya ba ta kuka, sai dai ta ja numfashi ta ci gaba da murza. Can anjima Goggo ta jawo ta jikinta, ta shafa mata man kaɗe a wurin, ita ce ma ke hawaye, tana cewa, "Ke kika sa ni, ɗiyata. Don mi kika sa ni?"

Na yi niyyar faɗa wa Inna. Wallahi na yi. Amma Goggo ta riga ni. Wata Juma'a na sauke akushi na durƙusa, sai ta ƙura wa bakina ido.

"Matso nan, ɗiyata. Mi ag ga bakinki?"

"Ba komi, Goggo."

Ta sa babban yatsa ta share gefen leɓena, ta kai harshenta. Ta aiki Yaya ɗaki ta ɗauko auduga, har da kwance mata igiya, sannan ta sassauta murya.

"Zuma da kimba. Wagga nakiya ta, ta hannun innakki. Wa anka ba ki ki kawo ma?"

Na fashe da kuka. Ta jawo ni ta rungume, tana bubbuga bayana.

"Share hawayenki. Yaro da kwaɗai ba yau anka hwara ba. Ni ba ni hwaɗa ma kowa. In Malam ya jiya ɗiyatai na cin amana, kin san ba ya koma dubinki. In innakki ta jiya, zuciyatta ɓaci za ta yi, ga ta ba lahiya ag gare ta ba. Ki ci abinki, na yahe maki. Abin da nig gani ga bakinki, cikina shi ka kwana. Abin da kinka gani gidan ga, cikinki shi ka kwana. Kin jiya?"

Na ce na ji. Har godiya na yi mata. Na fito ina jin babu mai ƙaunata a duniya kamar Goggo, don ta san laifina ta rufa mini asiri. Shekara bakwai gare ni. Ta ƙulle ni ba tare da ta ɓata ko taku ɗaya na igiyarta ba, kuma daga ranar nakiyar ta zama tamkar halak, tunda babba ya ce in ci.

Ba ta tsaya nan ba. A gabana take yi wa Yaya karatunta, tana murza mazari kamar hirar duniya ake yi. "Wa ad da ke in ba ni ba? Innakki ta taɓa kiran sunanki? Ta taɓa dubin huskakki? Da anka ce in tahi da ke, ta ce a'a? Shekara ta kewayo, ko ƙwarag gero ta aiko maki? Tambayi ƙanwakki, ga ta nan zaune." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in yi ta tonon ƙasa da tsinke. Abin da Kaka ke fassarawa da ƙauna, shi Goggo ta ɗauka ta fassara da ƙiyayya, kuma ba ta yi ƙarya ko ɗaya da za a kama ta da ita ba.

Sau ɗaya muka keɓe da Yaya. An aike mu bakin rijiyar bayan ɗaki, Goggo tana salla. Yaya tana jan guga, ba ta dube ni ba, ta yi magana ƙasa ƙasa.

"Don Allah hwaɗa min gaskiya. Inna tana tambayata?"

"Ba ta ambatonki."

"Ko sau guda?"

"Takan ce, mutanen gidan lahiya?"

"Mutanen gidan," in ji Yaya. Ta juye gugan a tulu. "Ba ta aiko komi?"

"Tuwo."

"Tuwo na Goggo na."

Zaƙin zuma yana nan a dasashina lokacin da take wannan magana. Da na buɗe baki na ce, Yaya, akwai ƙulli, ni ke cinyewa, da mari ɗaya za ta yi mini a wuce wurin. Na tsaya ina lissafin marin, da fushin Malam, da idon Inna, har Goggo ta sallame ta ƙwala kira.

Ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta sojoji. Na gama kai tuwo zan tafi, sai muka ji busa da ganga daga wajen ƙofar gari, sojan Nasara ne ke wucewa. An kwance Yaya don ta wanke akushi. Na ja hannunta na ce zo mu gani. Iyakarmu bakin zaure, kai kawai muka leƙa, ba mu ga komai ba sai ƙura da jajayen huluna. Muka juyo, ga Goggo tsaye, leɓenta ya yi fari.

Ta dube ni ta ce, "Ke kinka ja ta ƙohwa. Tahi bayan ɗaki ki karyo tsumagiya. Ke ka zaɓe."

Na je gindin tsamiya ina kuka, na yi ta dube dube. Na bar masu kauri, na zaɓo mafi siranta, a wautata wai ita ce ba za ta yi zafi ba. Duk wanda ya taɓa shan tsumagiya ya san siririyar ita ke tsaga fata. Goggo ta sa ni na tsaya na kalla. Da ta gama ta yar, ta faɗi ƙasa ta rungume ƙafafun Yaya tana gunji, tana cewa haka ɗanta ya fita ƙofa bai komo ba, yanzu kuma Nasara ke kwashe 'ya'yan mutane, in wannan ma ta tafi rijiya za ta faɗa. Yaya, da jini a bayanta, ita ke shafa kan Goggo tana ba ta haƙuri. Da zan tafi Goggo ta ba ni dabino uku ta ce na yi hankali. Na karɓa, na kuma ci a hanya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Tun daga nan na rasa sukuni. In ana karatu a gaban Malam sai in kasa zama, in yi ta mutsu mutsu har ya ɗaga mini bulala. Na daina cin tuwon kirki. Kowace Alhamis in yi alkawari gobe zan kai ƙullin, kowace Juma'a in isa gindin kurna in ce, in na kai yau Yaya za ta tambayi na sauran makonni. Sai in ci, ba don daɗi ba kuma, don dai in ɓatar da shaida.

Ban faɗa ba, wasa ne ya tona. Ina da 'yar tsana ta ƙashi mai kitson zare. Wata rana da la'asar ina bayan turmi ina wasa ni kaɗai, Inna tana tankaɗe a gefe. Na ɗaura wa 'yar tsanar zare a ƙafa, na ɗaura a hannuna. Na sa tsinke ina tsikarin ta, ina cewa da sanyin murya, "Wa ad da ke in ba ni ba?" Sannan na rungume ta ina kukan ƙarya, "Ke kika sa ni, ɗiyata." Na yi nisa sosai kafin na lura ƙarar faifan ta tsaya.

Inna ta taso, hannunta duk gari, ta tsuguna a gabana.

"Muryaw wa kika kwaikwayo?"

"Ba kowa, Inna."

"Ina kinka ga ana ɗaure ɗiya ga ƙahwa?"

Na sunkuyar da kai. Ta ɗauki 'yar tsanar ta juya ta, ta duba inda nake tsikara.

"Ga jiki duka, ko inda zane ka ruhewa?"

"Inda zane ka ruhewa."

Daga nan bakina ya ɓalle. Na faɗi igiya, na faɗi mazari, na faɗi tsumagiya, har da cewa ni na karyo. Abu ɗaya na tsallake, shi ne kuwa wanda ya fi kome. Ban faɗi ƙulli ba, ban kuma faɗi karatun da Goggo ke yi wa Yaya ba, don su biyun a haɗe suke, in na ja ɗaya ɗayan zai biyo.

Inna ta wanke hannu ta je ƙofar ɗakin Malam ta durƙusa. Ina laɓe ina ji. Ta yi ta kewaye kewaye, ta ce gidan Ƙofar Marke yana son a duba, ta ce an ce hannu ya yi nauyi a can. Malam a lokacin hankalinsa ba ya gida. Kullum zaurensa cike yake da masu gardama, ko waɗanda suka tafi gabas ne a kan daidai ko waɗanda suka zauna, shi kuma abin yana cin sa don ya zauna. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai tsoron Allah, amma har gobe ina jin haushinsa a kan amsar da ya ba ta. Ya ce horo ne, yayarsa ce ta goya shi, ba za ta cuci jininsa ba, kuma wanda ya ba da ɗiya ba ya komawa ya amsa. Sannan ya ƙara da abin da ya san zai rufe mata baki.

"Ke kuma, yaushe kinka hwara magana bisa waccan?"

Inna ta tashi ta koma madafa. Na ɗauka magana ta mutu. Kwana uku tana aikinta, sai dai ta sa gishiri sau biyu a miya, ta bar tuwo ya kama.

Ran Juma'a ba ta ba ni akushi da hantsi ba. Ta jira har Malam da almajiransa da duk mazan unguwa suka tafi masallaci, sannan ta ja zane ta lulluɓe kanta ta ce in wuce gaba. Tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa taka waje da rana ba, hanyar ma ba ta sani ba. Bazara ce, ƙasa tana ƙuna, ba kowa a lungu sai awaki da wata tsohuwa mai sayar da daddawa wadda ta bi mu da kallo. Inna tana tafe tana tuntuɓe, tana ce mini in yi sauri.

Goggo ba ta ko razana ba. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta ja gaisuwa har da tambayar kaji. Yaya tana zaune da mazarinta, igiya a ƙafa, ta durƙusa ta gaida Inna. Inna ta amsa wa bango. Ta zauna a karkace, ta ba Yaya gefen lulluɓinta, ni ina ta ɗaya gefen.

"Yau ko wace rana ta?" in ji Goggo tana murmushi. "Matam Malam da rana tsaka. Lahiya dai?"

"Na zaka in tahi da ita."

"Da wa?"

Inna ta ƙara jan lulluɓinta. Goggo ta matso.

"Mu biyu na gidan ga. Da wa za ki tahiya? Hwaɗi sunanta in jiya."

Na ga leɓen Inna yana motsi. Matar da ta keta kulle, ta saɓa wa mijinta, ta ratsa gari da rana tsaka, ta zo kan suna ɗaya ta kasa. Shekara goma sha ɗaya tana danne shi, ya ƙi fitowa.

"Da waccan," in ji ta.

Goggo ta juya ga Yaya a hankali. "Kin jiya? Waccan." Ta sunkuya da kanta ta kwance igiyar, ta naɗe ta ajiye. "Ga ta, ga ƙohwa. Ni ban riƙe kowa ba. In tana so ta bi ki."

Inna ta taɓa gwiwata. "Ce mata ta taso."

Na ce, "Yaya, wai ki taso."

Yaya ba ta dube ni ba. Inna take kallo, kallo mai tsawo, tana jira a juyo. Inna kuwa bango take duba, hawaye yana zuba ta gefen da nake, yana ɗiga a kan hannunta. Daga inda Yaya take babu abin da ake gani sai zane. Ni kaɗai ke ganin fuskokin nan biyu. Magana ta taso mini har wuya: Yaya, kuka take yi, Yaya, kowace Juma'a tana daka miki nakiya. Na ɗaga kai, muka haɗa ido da Goggo. Ba ta harare ni ba. Babban yatsanta kawai ta kai gefen bakinta ta share a hankali. Na haɗiye maganar.

Yaya ta ɗauki mazarinta ta shafa alli.

"Ce mata na gode," in ji ta. "Nan nika zama."

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. Kafin lokacin kaka ya zo Goggo ta kwashe kayanta ta koma ƙauyen dangin mijinta a hayin gulbi, wai birni ya cika da Nasara, ta tafi da Yaya. Can ta girma, can ta yi aure, ta haifi 'ya'ya, ita ta yi jinyar Goggo har ta rufe mata ido. Ganina da ita bayan nan bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Da Inna ta rasu ta zo ta'aziyya, ta zauna cikin baƙi, ta yi mana gaisuwa irin ta maƙwabta, ta koma a ranar. Na bi ta har zaure da niyyar in faɗa mata, sai na tsaya ina tambayar ta ya shinkafar bana. Ita ma yanzu ta riga mu gidan gaskiya. Na yi istigfari, na yi sadaka, na tambayi malamai a kaikaice kamar labarin wata ce. Duk sun ce yaro ba shi da alhaki kafin ya balaga. Na yarda da su, amma hakan bai taɓa zaunar da ni ba.

Don akwai abin da ya faru ran Juma'ar nan a hanyar komawa gida. Mun fito daga gidan Goggo, Inna tana gaba yanzu, ni ina binta. An sauko daga masallaci, maza sun fara ɓullowa daga bakin lungu, ya kamata mu yi sauri. Sai ta tsaya cak a jikin wata katanga, ta dafa ta. Ba ta juyo ba.

"Ƙullin nan da nika ba ki."

"Na'am, Inna."

"Shina isa hannu?"

Ba Goggo a wurin. Ba wanda zai share gefen bakinsa. Gidan ma bai yi nisa ba, da na faɗi gaskiya da ta juya, na san da ta juya, don ƙafarta ɗaya tana fuskantar baya.

"Shina isa, Inna."

"Kullum?"

"Kullum."

Na ga kafaɗunta sun sauka.

"Ashe ta sani," in ji ta. "Ta sani, ta zaɓa. To, a bar ta inda ranta yak kwanta, ban koma tada mata hankali."

Ta gyara lulluɓi, ta miƙo hannu ta kama nawa, ta matse. "Ke dai Allah shi yi maki albarka. Ƙanƙanuwa da ke, kin riƙe min amana."

Na ce amin.